Wuta da Ƙanƙara a Ƙofar Ruwa

Littafi biyu na saya a Bata, a kan tabarma,
ɗaya ba bango, ɗaya gara ta ci gefensa.
Na ɗaure su a bayan keke sai Ƙofar Ruwa,
maƙerar Kawu Barau,
inda zugazugi ke huci kamar tsohon sa.

Ya ce, "Karanta, Ɗanladi, kunnena ba ya riƙe da guduma."

Na ce, mutanen Girka, masu zaitun da tsibirai,
sun ce da fari ba komai sai wangamemen rami.
Ƙasa ta fito, ta haifi sarari, ya zame mata miji.
Ɗa ya tuɓe uba, ya hau,
tsoro ya sa shi haɗiye 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya,
har aka naɗe dutse a zanen goyo aka miƙa masa.
Autan ya tsira, ya girma, ya ƙwace, ya riƙe tsawa.

Kawu ya ce, "Rigimar gado ce.
Mun ga irinta a layinmu, kan gida mai ɗaki huɗu."

Suna zaune bisa tsauni, na ce, ba tsufa, ba kushewa,
sai biki da gaba da leƙen matan mutane.
Cikinsu har da maƙeri, gurgu,
wanda aka wurgo daga can sama.

Gudumar ta tsaya.
"Ko a can ma," in ji shi, "maƙeri a ƙasa yake zama."

Na buɗe na biyu. Waɗannan can ƙuryar arewa suke,
inda rana kan yi yaji wata da watanni.
Wuta a gefe, ƙanƙara a gefe, rami a tsakani.
Da suka gamu sai ɗigo, ɗigon ya zama ƙato,
saniya ta shayar da shi,
ita kuma tana lasar gishirin ƙanƙara
har gashin wani ya ɓullo, sai kai, sai kafaɗa.
Jikokin wannan suka kashe ƙaton:
namansa ƙasa, jininsa teku, ƙoƙon kansa rufin duniya.
Babbansu ya ba da ido guda don kurɓi ɗaya a rijiyar sani.
Abin da ya sani kuwa? Ranar mutuwarsa.
Kyarkeci zai tsinke mari ya haɗiye shi,
kuma duk da haka zai ɗaura ɗamara ya fita.

Kawu ya juya ƙarfe a garwashi, ya daɗe bai tanka ba.
"Waɗannan sun binne 'ya'ya," ya ce.
"Wanda sanyi ya kashe wa garke ba ya tatsuniyar daɗi."

Na ce masana na zaton tushensu ɗaya:
makiyaya masu doki da amalanke
a filin ciyawa, arewa da Baƙin Teku.
Wasu suka gangara wajen ɗumi, wasu suka bi dusar ƙanƙara,
kowa da guzurin labarin kakarsa,
hanya ta yi ta sauya masa kaya.

"Sai yanzu ka yi maganata," in ji Kawu.
"Kafar mota guda nake sara biyu,
rabi ya tashi lauje, rabi gatari.
Tambayi wutar da kowanne ya sha."

Aka kira La'asar.
Ya tsoma jan ƙarfen a ruwa, tururi ya turnuƙe mu.
Ya nuna Dala da haɓa:
"Can ma an yi yanka a da, yau yara ke hawa ɗaukar hoto.
Allah ɗaya ne. Miƙo buta."

Har ya sa takalmi ya waigo.
"Gobe ka dawo da na saniyar nan.
Ba ka faɗa min wa ke yi mata ciyawa ba."