Sauransu

Wata tara muka yi a ɗakin bayan shagon Manu,
kwalayen ƙwai manne a bango, katifa toshe da taga,
mu huɗu, janareta na biyar,
shi ma ya fi mu murya.

Bulus ya zo da jita daga Zuru,
a coci ya koye ta, ya fice da ita ta ƙofar baya,
tsirkiyarta ɗaya wayar birkin babur ce.
Kulu ke rerawa.
Sahabi na dukan ganguna kamar yana bin su bashi.
Ni ke riƙe da mai kaurin amo,
wadda ba a sanin tana nan sai ta yi shiru.

Waƙa takwas. Muka sa wa kanmu Tsatsa.
A ta uku akwai tarin Manu,
mun bar shi, don ya faɗo daidai kan kiɗa.

Daren Juma'a Kulu ta danna, faifai ya fita.
Muka zauna bakin kogin Yawuri,
kai huɗu a kan waya ɗaya,
sauro na karɓar la'adarsa.
Waya ta ce mutum uku sun saurara.
Sahabi ya ce, "Biyu ni ne."

Da safe muka kai wa Arzika mai tura waƙa a tasha.
Ya sa a kunne, ya cire,
ya hure abin jin, ko shi ne ya lalace.
"Ina zan ajiye ku?
Ba ku cikin na biki, ba ku cikin na bege,
na soyayya kuma ba a yi musu tsawa haka."
Ya buɗe mana gurbi daban,
ya rubuta masa: Sauransu.

Rediyo a Birnin Kebbi ta ba mu minti ɗaya da rabi,
tallan taki ya hau kanmu.
Wani malamin kwaleji ya rubuta
wai kiɗan Turawa ne ya ari hula.
Bulus ya yi dariya har da riƙe ciki:
salon waƙa ta biyu, gaba ɗayansa,
daga dutsen niƙan kakarsa ya kwaso.

Inna ta ji har ƙarshe, hannu a haɓa.
Ta ce, "Yarinyar nan tana da murya.
Me ta yi muku kuka taru kuna hana ta?"

Kafin ruwa ya ja baya
Kulu ta samu makarantar jinya a Sakkwato.
Sahabi ya sayar da ganga biyu ya biya haya.
Na koma ƙirga ƙwayoyi a kemis,
jitata a ƙarƙashin gado, gizo-gizo na koyon ta.

Sai wata Laraba,
zan haye da kwalin magani a kwale-kwale,
tsakanin buhun albasa da wata akuya mai ra'ayi,
na ji ta shida.
Ta shida, wadda muka kusa jefarwa!
Tana fitowa daga aljihun yaron da ke riƙe da inji,
waya mai fasasshen gilashi, ɗaure da roba.
Yana bi da baki,
rabin kalmomin nasa ne, ba na Kulu ba.

Na ce, "Waƙar wa?"
Ya ɗaga kafaɗa. "A memori na same ta.
Tana hana ni gyangyaɗi in na yi dare."

Ban ce masa komai ba.
Na karkata kunne ina neman kaina a ciki.
Ƙaramar waya ba ta ɗaukar kaurin amo,
wata tara na yatsuna, babu ko ƙwaya.

Amma ƙafarsa,
tsirara, a kan jiƙaƙƙen katako,
tana sauka
daidai inda nake.