Minti Huɗu

Aikina ƙirga minti ne.
A Heathrow, sito na uku, daga goman dare
har motar farko ta Hounslow ta taso ba kowa a ciki.
An ba ni allo, an ba ni riga mai ƙyalli,
aka ce: Zulaihatu, duk inda lokaci ke yoyo, nemo mana hujin.

Na kuwa nemo.
Ƙofa ta shida tana cin minti bakwai a banza
don takardar kwastan na kwana a wani ofis can sama.
Na sa aka matso da sikeli bakin mota,
aka daina zagaye da kifin Norway
kamar baƙon da ke neman gidan biki.
Wata uku allon manaja kore shar,
har biskit ya saya mana.

Kaya ba su da dangi a nan.
Furen Kenya da ya kwana cikin sanyi,
mangwaro, allurar rigakafi a ƙanƙara,
ƙafar jirgi, doki guda mai fasfo,
kowa lamba, kowa kilo.
Raga ta rufe su, Harjit ya soka musu ƙahon motarsa,
ya kai bakin jirgi, ni kuma in danna.
Jirgi ba ya jiran mai ɗaure takalmi.
In ya makara, da sunana ake buɗe taro.

Daren Laraba, biyu da kwata, ana yayyafi,
sai ga akwati dogo naɗe da algarara,
kilo ɗari da tara har da katako.
Takarda ta ce: Bitrus Kazah Ayuba.
Abuja, daga nan mota zuwa Zonkwa.
A gefe wani ya liƙa guntun takarda, rubutun hannu,
tawadar ta fara narkewa,
cikin harshen da duk siton nan ni kaɗai ke ji:
A bi da Baba a hankali, ba ya son gaggawa.

Na faɗa musu abin da ta ce.

Harjit ya sassauta inji.
Marek ya tuɓe hular sanyi, ruwa na sauka a sanƙonsa.
Deqa ta soke biro a aljihu.
Ba fasto, ba wanda ya san waƙar cocinsu,
mu huɗu ne, addini uku,
kowa ya motsa leɓe da abin da uwarsa ta koya masa.
Harjit ya ja shi da tafiyar ƙafa,
muka bi bayansa cikin fitilu da ƙarar injuna,
ni a ƙarshe, rungume da allo
yana komawa ruwan ɗorawa,
yana komawa ja.

Minti huɗu.
Na san kuɗinsu da fam, ni na lissafa shi tun bara.

Da asuba fom ya buɗe baki:
dalilin jinkiri, zaɓi ɗaya.
Inji. Takarda. Yanayi. Ƙarancin ma'aikata.
Shayina ya huce ina kallon layin ƙarshe
inda aka bar fili don wani abu daban.
Na rubuta: Fasinja ne.

Manaja ya karanta sau biyu,
ya ce babu wannan a jeri.
Ya tambayi sunan garin, na faɗa, ya gwada, ya kasa.
Bai goge ba.
Jan yana nan tsakiyar koren wata,
kamar barkono guda a faifai.

A motar gida na jingina kai da gilashi.
Sama na ta haɗiye jirage, ɗaya bayan ɗaya.
Wa zai liƙa tawa takardar?
Wa zai kasance bakin aiki a daren, da zai iya karantawa?

Yau ma goman dare zan koma.
Ƙofa ta biyu ta fara yoyo.