Fari Shi Ne Sanyi

Ƙarfe biyun dare a Nadi.
Shayina ya huce, fanka na ta kukan tsufa,
tauraron ɗan Adam kuwa ba ya gyangyaɗi:
duk minti goma sai ya miƙo min teku
shimfiɗe a kan allo, kamar zanen da aka shanya.

Shekarar da na fara aiki, Sakiusa ya ce min,
"Litiana, da dare babu mai ganin gajimare,
zafi da sanyi kaɗai na'ura ke ji.
Baƙi ruwa ne mai ɗumi.
Toka-toka ƙananan gizagizai ne masu kiwo a ƙasa-ƙasa.
Fari shi ne sanyi, sanyi shi ne tsawo,
tsawo kuwa ki ji tsoronsa."
Yanzu ya ajiye aiki, yana noman rogo,
ya bar min kujerarsa mai gurguwar ƙafa
da wannan karatu.

A ranakun lafiya ina son kallon tsibiran nan.
Da azahar kowanne sai ya ɗora hular girgije,
iska ta ja masa farin zare a baya
tamkar kwalekwalen da ke tafiya bai motsa ba.
Na san su da hulunansu, ko ba taswira.

Yau babu hula.
Daga arewa wani fari ya taso, ya yi kauri, ya kama jiki,
tun magariba yake tattara 'yan'uwansa,
ga shi ya fara juyi yana bin hannun agogo,
kamar yadda namu na kudu suka saba.
Na jera hotuna sha biyu, na sa su gudu,
na ga tuwo ana tuƙa shi ba muciya.
Ƙarfe uku da kwata
ɗigon baƙi ya buɗe a tsakiya.
Ta yi ido.

Can ƙasa da ita, ɗan yatsa biyu a kan gilashi,
akwai Totoya, zoben da ya ɓalle a gefe.
Ɗigo uku ne a nan.
A cikin ɗigo ukun akwai coci, akwai gonar gwaza,
akwai babana Vilikesa da jirginsa shuɗi
wanda injinsa sai an lallaɓa.

Wata biyu da suka wuce ya faɗa min a waya:
"Rina ta yi gida a gindin itace bana,
mangwaro ya yi 'ya'ya har reshe na karyewa,
tsuntsayen teku sun shigo tudu."
Na yi dariya, na ce Baba, mu lissafi muke yi.
Ya ce, "To, ki lissafa."

Na lissafa.
Na rubuta sanarwa da hannun da ba ya rawa:
gudun iska kaza, igiyar ruwa mita kaza,
masunta su janye, jama'a su hau tudu.
Ban rubuta Baba ba.
Babu gurbinsa a takardar.

Na kira sau tara. Layi ya mutu.

Sai asuba ta zo da hoton haske na fari,
gizagizai suka sami inuwa, suka sami kwari da tozo,
na ga iskar sama ta fara yage mata ɗankwali,
idon ya karkata yamma, kaɗan,
faɗin farce.
Faɗin farce a nan tafiyar yini ce a ruwa.

Kwana biyu sannan rediyon makaranta ya yi tari:
kwanon ɗaki ya tafi, kwakwa ta kwanta,
ba a rasa kowa ba.
Sai muryarsa, cikin ƙarar ruwa:
"Na ɗaga wa tauraron naki hannu.
Ya gan ni?"

Na dubi ɗigo ukun.
Na ce, Baba, ya gan ka.