Farin Zare

Daren da tarin Nayra ya ƙi kwanciya
ƙanƙara ce ke jifar kwanon ɗakinmu,
tafkin Titicaca, can ƙasa, ya yi baƙi ƙirin,
uwarta kuma na Arequipa da buhunan dankali,
kwana tara ke nan.
Daga ni sai tsohuwata, Saturnina,
sai 'yar shekara uku da ƙirjinta ke kuka
kamar ƙyauren da ya manta da mai.

Tsohuwa ba ta ce mini uffan ba.
Ta hura wuta da busasshen kashin lama,
ta miƙa hannu sama, inda damman ganye ke rataye,
kowane da zarensa:
ja na ciwon ciki, baƙi na tari,
farin kuwa, tun ina rarrafe nake ganinsa,
ban taɓa jin an ce ga aikinsa ba.

Muña ta fara tsinka, ganye bakwai,
ta murza a tafi, ta kawo hancina.
"Shaƙa. In bai tashe ka ba, ba zai tashi yarinya ba."
Ƙamshin ya ratsa ni har ƙeya.
Ta zuba furen manzanilla, ta sauke tukunya,
ta ce fure kunya gare shi, ba a tafasa shi,
ruwan zafi kawai ake nuna masa.

Cokali ɗaya. A jira. Cokali ɗaya.
Na ukun Nayra ta fesa mini a riga,
tsohuwa ta yi dariya:
"Mai ƙarfin tofi da sauransa."

Ta ɗumama kitsen kaza, ta shafa mata a ƙirji,
ta naɗe ta da ulun baƙar tunkiya,
ganyen zaiti na huci a kwano, nesa da hannunta.
Tarin ya lafa. Na gyangyaɗa.

Can cikin dare aka zungure ni.
Tsohuwa ta buɗe rigar yarinya, fitila a hannu,
ta ce in duba agogon waya, minti guda,
ita kuma tana ƙirga numfashi a gaɓar yatsunta.
Yatsun suka ƙare, ta sake, ta sake.
Fatar da ke ƙarƙashin haƙarƙari
na lotsawa ciki duk jan iska.

"Efraín, ta da babur."

Na ce, Mama, ai ba ki gama ba,
ga mai farin zare can ba ki taɓa ba.

Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai.
"Shi na dafa wa Crispín, wanka da ba ka sani ba.
Dare uku ina cewa gobe zai warke.
Ba don magani na rataye shi ba.
Don kullum in ɗaga ido
in ga inda tukunyata ta tsaya."

Ta goya Nayra da mayafinta mai zane-zane,
ta hau bayana, shekara saba'in da ɗoriya,
muka gangara, duwatsu na zamewa,
sanyi na yankan kunne,
ina jin tarin a bayana, ina godiya da jinsa.

A asibitin Ilave, Zulema mai aikin dare
ta saurari ƙirjin, ta yi allura, ta sa mata iska a hanci,
sannan ta tambaya me muka ba ta.
Tsohuwa ta miƙe tsaye ta lissafa,
ganye-ganye, cokali-cokali, har na ukun da aka tofar.
Zulema ta rubuta duka.
Ta ce, "Kun zo a kan lokaci."
Tsohuwa ta juya tana gyara hularta,
ta daɗe tana gyarawa.

Yau kwana goma sha biyu.
Nayra na korar kaji a tsakar gida,
ta shigo, ta nuna sama da yatsa mai ƙasa:
"Kaka, wancan fa?"
"Wancan sai kin girma.
Zo nan, buɗe tafinki. Wannan muña ce. Murza."