Kilo Ashirin da Uku

Na ari sikelin Nomau mai shinkafa,
na ɗauro shi a bayan babur daga kasuwar Jega.
Takardar jirgi ta ce ashirin da uku.
Akwatina ya ce talatin da ɗaya.

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da ɗebewa,
ina ce wa yara: in na sama bai kai ba, ku yi aro wurin maƙwabci.
Yau ga ni tsugune a tsakar ɗaki,
takwas ta yi mini yawa,
kuma babu maƙwabcin da zai riƙe mini ita.

Na fara da dutsen guga.
Sai babbar rigar da na sa sau biyu tak,
ran ɗaurin aurena da ran da aka yi wa Cindo sallama.
Sai littafin lissafi mai jan bango
wanda gara ta ci babinsa na tara,
na fitar da shi, na mayar, na sake fitarwa.
Allura ta sauko ashirin da huɗu. Na kwanta.

Da asuba ta koma ashirin da bakwai.

Inna ce. Ba ta musa ba.
Daddawa a gwangwanin madara, kuka, yaji,
busasshen kifi naɗe cikin tsohon zanenta.
Na ce, Inna, Gambiya ma bakin ruwa ce, suna da kifi.
Ta ce, kifinsu ya san ka?

A makaranta shugaba ya riƙe hannuna ya daɗe.
Ba a turo kowa ba, in ji shi,
malamin wasanni zai riƙa leƙa ajin kafin a gani.
Na tsaya bakin taga ina kallon Arzika,
wanda sai makon jiya ya gane
cewa rabi ya fi ɗaya bisa uku
ko da yake uku ta fi biyu.
Ranar har tafi ya yi wa kansa.
Ban shiga ba. Na bar alli a kan taga na wuce.

Kada a ce gudu na yi.
Albashina yana mutuwa ran sha biyu ga wata,
sauran kwanakin littafin bashin Nomau ke ɗauke da mu.
Can ma yara ne, can ma allo ne baƙi,
bakwai sau takwas ba ta canja amsa don an haye teku.
Haka nake faɗa wa kaina,
wani dare na yarda, wani dare ban yarda ba.

Shafa'atu ba ta ce komai ba tun Talata.
Tana ɗinke mini aljihu a cikin wando
inda fasfo da katin rigakafi za su kwana,
tana cizon zare kamar shi ya sa hannu a kwantiragin.
Shekara biyu, na ce mata.
Ta ce, na iya ƙirga.

Daren ƙarshe allura ta tsaya cif.
Kifin Inna ya zauna, jan littafi ya fita.
Na sauke akwati, na zuge, na sa kwaɗo.

Sai ga Luba, ido duk barci,
ta hau sikelin da ƙafa biyu, ta miƙe kamar soja.
Baba, ni nawa ce?

Sha huɗu da rabi.

Na iya lissafin. Kafin ta sauko na gama shi:
takalma, riguna, daddawa, yaji,
abin da zan zubar ta shiga.

Da safe na mayar wa Nomau sikelinsa.
Ya ce, Malam, ya yi daidai?
Na ce, sikelinka ba ya ƙarya.
Ya buɗe littafin bashi, ya dubi sunana,
ya rufe.