Mai Cin Kaɗan

An ɗauke wuta tun kafin azahar.
A Shiyar Madunka ba wanda ya ce uffan.
Bazara ta hau kwano ta miƙe ƙafa,
baƙuwar da ba ta jin gugar zana.

Na buɗe ta bisa tarin fatar jar akuya,
'yar kwamfutar da faifai zai iya rufewa.
Madanninta biyu sun goge, ɗaya ya faɗi.
Hannu na uku na saye ta wajen Labbo mai gyara,
ya ƙirga kuɗin sau biyu, sannan ya ce,
"Tumba, ba ta tsere, amma tana kaiwa."

Zanen tumtum nake wa Baba,
dagi a tsakiya, taurari takwas a kewaye.
In na ja layi, ta bi ni.
In na zuba ja da kore, ta yarda.
Amma in ce ta juya min shi in ga bayansa,
sai ta tsaya cak
kamar tsohuwar da aka tambaya shekarunta,
hoton ya zo yanka-yanka,
mai tsire marowaci yana ba da kyauta.

Na san halinta.
Bidiyo in ya cika kaifi,
baki ya gama magana murya na hanya.
Sai in rage masa ado, in dusashe hasken allo,
in rufe duk ƙofar da ba na shiga,
mu daidaita, ni da ita,
kamar masu cefane da kuɗin jiya.

Ta Modi kuwa, a shagon da ke kallonmu,
baƙa ce mai jan ido, fanka biyu a cikinta.
Motoci na gudu a allonta da inuwarsu,
ruwan sama na sauka a gilashi ɗigo-ɗigo,
har yara su kai hannu su taɓa.
Ni ma na taɓa leƙawa. Ba zan ɓoye ba.
Sai dai tana huci kamar injin markaɗe,
tana dafa cinyar mai ita,
minti arba'in, ta nemi a ba ta abinci.
Lita nawa yau, Modi?

Tawa ɗan faranti ɗaya na rana ya ishe ta,
wanda na jingina da randa a kan katanga.
Ta sha hantsi, ta kai ni isha'i.

Da la'asar ya tsallako, zufa har gemu,
janareto ya ƙi, ga katin walima na jira.
Na matsa masa. Ya sa aikinsa.
Ta yi nishi, ta yi fari fat,
ta juya ɗan zoben nan, ta juya, ta juya,
kayan raƙumi ne aka ɗora wa akuya.
Ya tashi ba sallama.
Na yi niyyar dariya, ba ta zo ba,
don ni ma akwai daren da nake so
in ga tuntayen tumtum na lilo a allo
sumul, ba tuntuɓe,
kafin wuƙa ta taɓa fata.

Magariba ta wuce, layin ya yi duhu.
Saura goma sha ɗaya cikin ɗari.
Baba ya jawo kujera, ya gyara tabarau,
ya karkato da allon wajen gwiwarsa,
bai taɓa tambayar me ke cikinta ba.
Da wannan ɗan hasken
ya auna tauraro na farko,
ya ɗora basilla.