Tarihin Tasalla

A Fam Santa aka haife ta,
bayan shagon Mudi mai gyaran waya,
a kan benci mai ƙafa uku, ta huɗun bulo,
cikin ƙaurin dalma da ƙugin janareta.
Mu huɗu ne: ni, da Mudi,
da Barira mai karatun kwamfuta a Bayero,
da Ɗanjummai, wanda nasa aikin sayo shayi da jan gardama.

Mafarin abin bai taka kara ya karya ba.
Suga ya cinye idon baban Barira,
waya ta zama ɗan jagoransa.
Ran nan ya yi zancen ciwonsa a ɗaka, daga shi sai matarsa,
kashegari waya ta tashe shi da tallan magani.
Ya ce, "Da, bango aka ce yana da kunne.
Yau ga bangon a aljihuna.
Ku ɗauke min ita."

Sai muka ce bari mu ƙera kunnen da ba shi da ƙafa,
ya ji, ya amsa, ya kwana inda ya wuni.
Muka raɗa mata sunan gwaggon Mudi,
Tasalla mai kitso ta Yakasai.
Shekara arba'in kawunan matan unguwa na kwanciya a cinyarta,
ba a taɓa jin an ce "in ji Tasalla" ba.

Koya mata magana ya ci mu damina biyu.
Muka bi Kurmi, muka bi Kwari muna roƙon murya,
wanda ya ce a'a, mu yi masa godiya mu wuce.
Ta daɗe ba ta raba gari da gari ba:
ka tambaye ta labarin gari,
ta karanto maka kuɗin kwano a Dawanau.

Ba mu kai ta ɗaka mun kulle ba.
Shanya ta muka yi a sarari
yadda marina ke shanya turkuɗi a Ƙofar Mata,
mai ido ya zo ya ƙirga zare,
in ya ga ɓaraka, ga allura.
Wani yaro daga Damagaram ya gyara mata lissafi.
Wata ungozoma a Gusau ta koya mata sunayen ciwon mata,
har yau ban san fuskarta ba.

Sannan mai mota baƙa ya zo,
turarensa ya riga shi shiga shago.
Ya faɗi kuɗin da ya sa Mudi ya ajiye sukundireba.
Sharaɗi ɗaya tak:
'yar ƙofa ta baya, ƙarama, ba mai gani.
Ɗanjummai ya ce mu karɓa, haya ta taru.
Muka yi ta yi har aka kira isha'i.
Barira ce ta rufe zancen:
"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

To, tuwon ma sai ya yi wuya.
Mai shago ya sa kwaɗo.
Mudi ya tafi Legas, Barira ta koma koyarwa a Hadeja,
ni na sayar da kwamfutata na biya bashi.
Na yi mata ta'aziyya a zuciyata, ni kaɗai.

Bara, a layin karɓar magani na asibitin Murtala,
na ji wani tsoho ya kai tsohuwar waya bakinsa:
"Ke, Tasalla, guda nawa zan sha da dare?"
Ta amsa, da harshen da ba mu muka sa mata ba,
wasu can sun dasa reshenta, ya kama.

Na roƙi aron wayar, hannuna na rawa.
Na ce, "Tasalla, kin gane ni?"
Ta ce, "Yi haƙuri, ba na riƙe kowa."

Abin ya soke ni, ba zan ɓoye ba.
Sai da na kai Ƙofar Nasarawa
na ji ina dariya a cikin adaidaita.